Tukunyar Rainon Bonsai: Tambayoyi da Amsoshi

Bonsai kalmar Japananci ce. "Bon" faranti ne ko tukunya marar zurfi, "sai" kuma shuka. Sana'ar, wato rainon bishiya a tukunya ta zama 'yar ƙarama mai kama da tsohuwa, ta faro ne a ƙasar Sin, inda ake kiranta penjing, sannan Japanawa suka ɗauke ta suka ba ta siffar da aka santa da ita yau. Hotunan da ake gani kullum na bishiyar da ta gama girma ne a cikin kyakkyawar tukunyarta. Shekarun da aka yi ana gina mata kututture da saiwoyi kuwa, a wani mazubi dabam ta yi su, wanda ba a damu da kyansa ba. A kan wannan mazubi ne tambayoyin nan suke.

Mece ce tukunyar raino, kuma me ya raba ta da tukunyar ado?

Tukunyar raino ita ce duk mazubin da bishiya ke zama a ciki lokacin da ake neman kututturenta ya yi kauri, saiwoyinta su bazu, manyan rassanta su tsaya inda ake so. Tana iya zama ta roba, ta yumɓu, akwatin katako, ko kwandon roba mai huji-huji. Don saiwa ake zaɓenta. Tukunyar ado kuwa don ido ake zaɓenta, ana duba launi da siffa da yadda za ta dace da bishiyar, kuma da gangan ake sa ta zama matsattsiya domin ta rage wa bishiya saurin girma, ganye su ƙanƙance, rassa su zama sirara.

Akwai kuma wata fa'ida da mai koyo bai cika lura da ita ba. Tukunyar raino ba a jin tausayinta. Ana huda bakinta a ɗaura waya a janyo reshe ƙasa, ana buga mata ƙusa, ana yanke bakinta da wuƙa in ta yi tsayi, ana jingina ta a kan itace a karkata ta don a ga yadda bishiyar za ta kasance a wata kusurwa. Ba mai yi wa tukunyar ado mai tsada ta garin Yixing na Sin ko ta garin Tokoname na Japan haka.

Me zai hana in saka bishiyata a tukunyar ado tun farko?

Ba abin da zai hana ta rayuwa, amma kauri ne ba za ta yi ba. Kututture yana kauri ne gwargwadon yawan ganyen da ke sama, ganye kuma gwargwadon saiwar da ke ƙasa. Ɗan tsiro mai kaurin fensir in aka matse shi a faranti mai zurfin santimita 4, bayan shekara biyar da ƙyar zai kai kaurin yatsa. Irinsa a cikin akwati, aka bar masa reshe ɗaya ya yi ta tafiya ba a yanke ba, zai ninka hakan nesa ba kusa ba. Matse bishiya tun tana ƙarama kuskure ne da ake yawan yi, kuma yana da ban takaici, domin mutum ya yi ta ban ruwa shekara da shekaru a kan sandar da ba za ta taɓa kama da tsohuwar bishiya ba.

Waɗanne irin mazubai ake amfani da su?

Tukunyar roba irin ta masu rainon shuke-shuke ita ce ta fi samuwa. Ba nauyi, tana riƙe danshi, huda ta ba wuya. Aibinta biyu ne: galibi ta cika zurfi, kuma saiwa in ta taɓa bangonta mai santsi sai ta yi ta zagaye kamar an naɗe igiya. Maganin zurfin shi ne a yanke bakin a rage tsayin zuwa rabi ko kashi biyu cikin uku, a ƙara kafofin ruwa a gindi.

Akwai kuma tukwanen roba da aka yi su da siffar tukunyar bonsai, masu faɗi, da manyan kafofi da ƙananan huji na waya. Mafi ƙarko a cikinsu su ne na maika, waɗanda ake haɗa garin wannan ma'adini da roba, galibi a Koriya ta Kudu. Suna da kauri, suna jure rana da sanyi, ba sa fashewa in sun faɗi. Sun fi dacewa da matakin ƙarshe na raino, lokacin da saiwa ta riga ta zama fale-fale.

Tukunyar yumɓu da ba a yi wa sheƙi ba tana numfashi. Ruwa na ratsa bangonta ya bi iska, wannan kuma yana sanyaya saiwa ya sa ƙasa ta bushe da wuri. Garin Tokoname da ke lardin Aichi a Japan ya shahara da irin waɗannan, zagayayyu, jajaye, masu babbar kafa a tsakiya. Ga bishiyoyin da ba sa son jiƙa, kamar zaitun, da fain da junifa masu siraran ganye kamar allura, a ganinmu da wuya a samu abin da ya fi su. Sai dai suna da nauyi, suna fashewa, kuma waɗanda ba a gasa sosai ba ƙanƙara na tsaga su.

Sai akwatin katako, da kwandon roba mai huji-huji, da jakar yadi ta shuka. Jakar tana ba saiwa iska sosai, amma ba ta da ƙarfin da za a ɗaure bishiya a jikinta, kuma duk ɗagawar da aka yi mata ƙasar ciki sai ta motsa ta tsinka ƙananan saiwoyi. Ta fi amfani in za a binne ta a fili a bar ta. Akwati da kwando kowanne na da tasa tambayar a ƙasa.

Me ya sa ake shuka a kwalanda, wato matatar kicin mai huji-huji, ko kwandon furannin tafki?

Saboda abin da iska ke yi wa kan saiwa. A cikin tukunya mai rufaffen bango, saiwa in ta iso bango sai ta lanƙwashe ta ci gaba da tafiya, ta yi tsawo ta yi kauri, ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa kuma su tare a can ƙarshenta, nesa da gindi. Ranar dashe dole a yanke doguwar nan, kuma da ita ake zubar da mafi yawan abin da ke ciyar da bishiyar. A cikin kwando kuwa, saiwa na leƙowa ta huji sai iska ta busar da kanta ya mutu. Ganin hanya ta toshe, sai ta tsaga 'ya'ya daga baya, kusa da gindi. Su ma su iso bango, iska ta datse su, su sake tsagawa. In ka zare bishiyar da ta yi shekara biyu a kwando za ka ga curin saiwoyi sirara kamar gashi, masu fararen kai, sun cika ko'ina, babu ko guda da ta zagaye. Irin wannan curi shi ake nema, domin shi zai iya ciyar da bishiya a ƙaramar tukunya nan gaba. Masu rainon baƙin fain na Japan, wato kuromatsu, sun daɗe suna amfani da wannan dabara.

Amma ba kyauta ba ne. Kwando na bushewa ta kowane gefe, don haka a ranar zafi mai iska yana iya buƙatar ruwa sau biyu ko uku. Wanda ke fita tun safe sai dare ya yi tunani kafin ya zaɓe shi, musamman ga bishiya mai faɗin ganye da ke shan ruwa da yawa. Kwalandar kicin kuma ba don rana aka yi ta ba. Cikin shekara biyu ko uku robar takan gaggautse, ka zo ɗauka bakin ya ɓalle a hannunka, don haka a riƙa tallabo ta ta ƙasa. Kwandon da ake shuka furannin tafki a ciki ya fi ta jure rana. A duba girman hujin ma: in ya wuce girman ƙwayar ƙasar, sai a shimfiɗa raga a ciki.

Wane girma ya kamata tukunyar ta kasance?

Ta ɗan fi curin saiwar da ake da shi yanzu, da tazarar santimita 2 zuwa 5 ta kowane gefe. In saiwa ta cika wannan, a ƙara girma a dashe na gaba.

Mutane kan ɗauka cewa babbar tukunya ita ce saurin girma, sai su saka tsiro mai saiwa cikin tafin hannu a mazubi mai cin lita 20. Abin da ke biyo baya shi ne, saiwar ba ta iya shanye ruwan da ke cikin wannan ƙasa duka, ƙasar ta kwana ta wuni a jiƙe, ruwa ya kore iskar da ke tsakanin ƙwayoyinta. Saiwa kuwa numfashi take yi. In ta rasa iska sai ta mutu, ƙwayoyin cuta masu son laima su kama ta, ta yi baƙi ta yi laushi tana wari. Daga sama za a ga ganye sun yi yaushi sun yi rawaya kamar masu ƙishirwa, mai bishiya ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Shuka a fili dabam ce, domin can ruwa na da inda zai tsiyaye ya tafi.

Mai zurfi ta fi ko mai faɗi?

Mai faɗi, domin bonsai saiwa mai bazuwa gefe take so. Zurfin santimita 10 zuwa 15 ya ishi yawancin matsakaitan bishiyoyi. Sai bishiyar da ake so ta zubo ƙasa kamar wadda ta tsiro a bakin dutse, ita ce ke son tukunya mai tsayi.

Akwai abin da ya kamata a sani game da tukunya marar zurfi, domin ya saɓa wa abin da hankali ke fara kawowa: ta fi mai tsayi riƙe ruwa in aka kwatanta da yawan ƙasarta. Gwada da soso. Jiƙa shi sharkaf ka kwantar da shi a tafin hannu har ya daina ɗiga, sannan ka tsayar da shi a tsaye, za ka ga ruwa ya sake zubowa. Haka ƙasar tukunya take. Bayan ban ruwa, akwai wani sashe a can ƙasa da ke zama cike da ruwa, kuma tsayin wannan sashe ya dogara ne da girman ƙwayar ƙasa, ko tukunyar doguwa ce ko gajera. In sashen ya kai santimita 2, a tukunya mai zurfin 20 kashi ɗaya ne cikin goma, a mai zurfin 6 kuwa kashi ɗaya ne cikin uku. Shi ya sa duk lokacin da zurfi ya ragu, dole ƙasa ta zama mai manyan ƙwayoyi. In damina ta yi yawa, a sa ɗan katako a ƙarƙashin gefe ɗaya tukunyar ta karkata, ruwan zai taru a kusurwa ya fita.

To in zuba tsakuwa a gindin tukunya don ruwa ya wuce?

In ƙasar da ke sama mai laushi ce, tsakuwa ba ta gyara komai. Ruwa ba ya son barin ƙasa mai laushi ya shiga mai manyan ƙwayoyi sai ta cika ta batse, don haka jiƙaƙƙen sashen nan sama kawai zai hauro, kusa da saiwa. Siririn shimfiɗi na ƙwayoyin da suka ɗan fi na sama girma ba laifi ba ne, ana yinsa. Gyaran gaske dai a tankaɗe ƙasar duka.

Wace ƙasa ake zubawa?

Ƙwayoyi masu girman milimita 3 zuwa 6, a tankaɗe da rariya a zubar da duk abin da bai kai milimita 2 ba, domin garin nan ne ke toshe hanyar iska. Haɗin da aka fi sani shi ne akadama, wani yumɓun Japan mai ƙwaya-ƙwaya, da famis, farin dutsen aman wuta marar nauyi mai kama da soso, da tsakuwar aman wuta, kashi ɗaya-ɗaya. Ga bishiya mai zubar da ganye ana ƙara akadama zuwa rabi. A matakin raino mutane da yawa kan bar akadama su yi amfani da famis da ɓawon fain da ya ruɓe, kuma yana aiki. Ƙasar lambu zalla a tukunya takan daskare kamar bulo, kada a sa ta.

Yaya ake haɗa akwatin katako?

A fara auna saiwar, sannan a yanka katako. Amfanin akwati ke nan, shi ake yi wa bishiya daidai jikinta. Ga misali na matsakaiciyar bishiya: ciki ya zama tsawo santimita 40, faɗi 30, zurfi 12, wanda zai ci ƙasa wajen lita 14. Katako mai kaurin milimita 15 zuwa 20 ya isa. A haɗa bango huɗu da ƙusa mai murɗi, biyu ko uku a kowace kusurwa, a fara huda wurin da siririn baki don kada katakon ya tsage. Ƙusar bugawa takan saki in katako ya sha ruwa ya bushe sau da yawa, mai murɗi kuwa ana iya kwance ta ranar dashe a buɗe gefe ɗaya a zaro bishiya ba tare da an ja ta ba.

Gindin kada a rufe shi da allo guda. A jera filayen katako masu faɗin santimita 5 zuwa 7, a bar tazarar santimita 1 zuwa 2 a tsakaninsu, a shimfiɗa raga mai ido milimita 2 zuwa 3 a kai a maƙale ta. A buga ƙafafu biyu a ƙasa, masu tsayin santimita 3 ko 4, domin iska ta ratsa. In akwatin babba ne a sa masa mariƙi a gefe, a tabbata kuma gindin ba ya lotsawa in an ɗaga, domin lotsawar nan tana tsinka sababbin saiwoyi.

A guji katakon da aka jiƙa da maganin gara ko tsohon fenti, da falai-falan katako na manne, waɗanda ke ɓarewa in sun sha ruwa. Akwati na katako marar magani yakan yi shekara biyu zuwa huɗu kafin ya ruɓe, kuma kusan lokacin ne dama za a sake dashe.

Dole ne a ɗaure bishiya a jikin tukunya?

Dole ne, kuma a wannan ba mu da sassauci. Sabuwar saiwa siririya ce kamar zare, in iska ta kaɗa kututture ko da kaɗan ne sai ta tsinke, bishiya ta yi ta fara aiki daga farko har ta gaji. Bishiyoyi da yawa da ake cewa dashe ne ya kashe su, girgiza ce ta kashe su.

Ga yadda ake yi. A rufe kowace kafar ruwa da yankin raga, a maƙale shi da 'yar waya da aka lanƙwasa ta fito ta ƙasa aka buɗe ƙafafunta. A yanko wayar alminiyam guda biyu masu kaurin milimita 1.5 zuwa 2, ko 2.5 ga babbar bishiya, a zura su ta ƙasa kowace ta fito ta huji biyu. A zuba ƙasa a ɗan tula ta a tsakiya, a ɗora bishiya a murza ta a hankali ta zauna, don kada a bar rami a ƙarƙashin gindi. A ɗora wayoyin a kan manyan saiwoyi, a kama bakinsu biyu da filaya, a ja sama sannan a murɗa, a sake ja a sake murɗawa. In aka murɗa ba a ja ba, wayar za ta tsinke ba ta matse ba. Inda waya ta hau saiwar da za a so a nuna nan gaba, a sa ɗan yankin tiyo a ƙarƙashinta don kada ta yi tabo. Sannan a cika ƙasa, a riƙa cusa ta tsakanin saiwoyi da tsinke. In an gama a kama kututture a girgiza: tukunya da bishiya su motsa tare kamar abu guda. A yi ban ruwa har sai ruwan da ke fita ta ƙasa ya washe.

Yaya zan sa saiwoyin gindi su bazu a fili?

Japanawa na kiran wannan bazuwa nebari, kuma ita ce ke sa bishiya ta zama kamar ta kama ƙasa da ƙarfi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saiwa ma haka. A dashen farko a yanke uwar saiwa mai nutsawa ƙasa, in dai akwai isassun na gefe da za su riƙe bishiyar. A ɗora gindin a kan tayil ko guntun allo, a baza saiwoyin kamar yatsun hannu ta kowace fuska, a rage wadda ta fi sauran ƙarfi don kada ta danne su. A rufe su da ƙasa mai kaurin santimita 2 zuwa 3. Kada a yi ɗokin buɗe su, saiwar da aka bari a rana tun tana ƙarama bushewa take yi ko ta daina kauri. Allon kuma kada ya cika tukunyar, a bar tazara ta kowane gefe da ruwa da saiwa za su sauka. Dangin ɓaure da cediya, da momiji, wata bishiyar Japan mai ganye kamar tafin hannu, suna karɓar wannan aiki sosai.

Bishiyar da aka haƙo daga daji ko lambu fa?

Akwati daidai curin saiwarta, ko da siffarsa za ta fito a karkace. Irin wannan bishiya ta rasa mafi yawan saiwarta wajen haƙa, don haka babban mazubi ya fi yi mata illa fiye da kowa. A cike gefen da famis zalla da aka tankaɗe, a ɗaure ta sosai, in ta kama a tokare kututturen da katako, a ajiye ta inda babu iska da zafin rana. Sai a ƙyale ta. Ba yanka, ba naɗa waya, har sai ta nuna ƙarfi, kuma hakan na iya ɗaukar shekara biyu ko uku. Tohon farko kada ya ruɗe ka, sau da yawa da abincin da ke ajiye a kututture aka yi shi, saiwa ba ta fito ba tukuna. A kuma nemi izinin mai wurin ko hukuma kafin a haƙa.

Zafin rana da sanyi na yi wa tukunya illa?

Baƙar roba a rana tana ɗaukar zafi fiye da iskar da ke kewaye da ita, kuma in ƙasar ciki ta haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas saiwa na fara lalacewa. In ka zare bishiya ka ga saiwoyin gefe ɗaya sun mutu, na ɗaya gefen lafiya lau, duba wane gefe ne ke fuskantar ranar yamma. A naɗe tukunyar da farin ƙyalle, ko a saka ta cikin wata da ta fi ta girma, ko a kare ta da allo. Kada a ajiye ta kai tsaye a kan siminti ko kwano mai zafi. Katako da yumɓu sun fi sauƙi a nan.

A ƙasashen da ruwa ke daskarewa, saiwa ba ta kai rassa jure sanyi ba, kuma a tukunya ba ta da rufin da ƙasa ke ba ta. Kwando ne ya fi shiga haɗari, sanyi da busasshiyar iska na ratsa shi ta ko'ina. A sauke shi ƙasa a binne gefensa da ɓawon itace, ko a shigar da shi rumfa marar ɗumi. Bishiyoyin ƙasashe masu zafi, kamar tsamiya da dangin ɓaure, ba sa jure ƙanƙara ko kaɗan.

Ban ruwa da taki sun bambanta a tukunyar raino?

Ba a bin agogo. A tsoma yatsa ko tsinke santimita 1 ko 2, in ya fara bushewa a ba da ruwa har ya zubo ta ƙasa. Taki kuwa ana ba da shi fiye da na bishiyar ado, tunda girma ake nema, kuma ƙasa mai ƙwayoyi ba ta riƙe shi, musamman a kwando inda ake yawan ban ruwa. Bayan dashe a dakata kamar mako huɗu kafin a fara.

Saiwa ta fita ta ƙasan tukunya ta shiga ƙasa. In yanke?

Ya danganta da abin da kake so. Wasu da gangan suke ajiye kwando a ƙasa don saiwa ta tsere, bishiya ta samu ƙarfin shukar fili, curin da ke cikin kwando kuma yana nan. Haɗarin shi ne in aka bar ta ta daɗe, saiwa ɗaya ko biyu su yi kauri su karɓe aikin duka, na ciki su raunana, ranar da aka yanke bishiyar ta sha wuya. A yanke su sau ɗaya a shekara, a rage ganye daidai gwargwado. In ba ka son hakan, ɗora tukunyar a kan benci.

Yaushe ake sake dashe?

Ƙaramar bishiya mai saurin girma, duk shekara ɗaya ko biyu. Fain da junifa, shekara uku zuwa biyar. Alamun su ne ruwa ya riƙa tsayawa a sama ba ya shiga, ko ƙasa ta riƙa bushewa da wuri fiye da da, ko curin ya ɗago sama da bakin tukunya. In ana neman kauri, kada a yi dashe ba dalili, kowane dashe na rage saurin girma na wannan shekarar.

Bishiyoyin ƙasashe masu sanyi ana dasa su ne lokacin da idon toho ya fara kumbura, kafin ganye ya buɗe. Na ƙasashe masu zafi kuwa sai lokacin ɗumi, suna tsakiyar girma. Ga mai koyo, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na saiwa. Fain da junifa ba a wanke musu saiwa duka a lokaci guda, a canja ƙasar rabi, rabin sai dashe na gaba. In ka ga wani farin abu kamar auduga mai ƙamshin naman kaza a jikin saiwar fain, abokin zamanta ne da ke taimaka mata shan abinci, a mayar da kaɗan cikin sabuwar ƙasa. A duba da kyau dai, in akwai ƙananan ƙwari suna motsi a ciki, wannan kwarkwatar saiwa ce, tana buƙatar magani.

Zan iya amfani da tsohuwar tukunya, ko wani mazubi da na samu a gida?

Tsohuwar tukunya a kankare ta, a jiƙa ta minti 10 a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, a ɗauraye sosai. Ta yumɓu a bar ta ta kwana a ruwa mai tsabta. Farin gishirin da ke kama baki binega na cire shi.

Bokiti, baho, akwatin roba na kaya, duk suna yi in an huda su da kyau: kafofi masu faɗin santimita 1.5 zuwa 2, aƙalla shida a baho matsakaici, kuma a wurin da ya fi zurfi, domin gindin baho ba a shafe yake ba, ruwa na kwanciya a lungunsa. Tangaran ana huda shi da baki mai lu'ulu'u, a hankali, ana zuba ruwa. Gwangwani da sauran ƙarfe a bar su, suna zafi suna tsatsa. Roba mai nuna ciki takan tara gansakuka. Mazubin da bakinsa ya fi cikinsa ƙanƙanta kuma sai an fasa shi kafin bishiya ta fito.

Yaushe bishiya ta isa shiga tukunyar ado?

In kututture ya kai kaurin da ake so, manyan tabon yanka sun rufe ko sun kusa, manyan rassa sun tsaya, saiwoyin gindi sun bazu, curin kuma ya zama fale-fale cike da sirara. A lura da tabon nan, domin rufewarsa na raguwa sosai da zarar an matse saiwa.

Kada a tsallaka daga akwati mai zurfin santimita 15 zuwa faranti mai 5 a rana ɗaya. A sauko a dashe biyu ko uku, kowane karo a rage curin ta ƙasa, a yada zango a tukunyar maika ko ta roba mai siffar bonsai. Ma'aunin da aka saba bi wajen tukunyar ƙarshe shi ne tsawonta ya kai kashi biyu cikin uku na tsayin bishiya, zurfinta kuma kusan kaurin kututture a gindi. Bishiya mai fure ko 'ya'ya, kamar rumman, a ba ta wadda ta ɗan fi haka zurfi, domin tana shan ruwa da yawa lokacin da take ɗauke da su. In kuma bishiyar da ke tukunyar ado ta raunana, ko reshe ya mutu ana son a tsirar da wani, a mayar da ita akwati ta yi shekara biyu ko uku ta murmure, sannan a dawo da ita.